Malam Edita, a koya wa yaranmu Ingilishin kama tebur, amma da Hausa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ɗawainiya da mu, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta waya daga nan Garwa a arewacin Kamaru, sana'ata sabis a gidan abinci, shekara 11 kenan ina yi, yanzu ni ne babba a kan yara 6 masu kai wa baƙi abinci da ɗaga waya. Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, ta koya wa yaranmu da Hausa Ingilishin karɓar baƙon da ya kira a ajiye masa tebur, na faɗa wa mai gidanmu, na faɗa wa wani malamin lekol, wato makarantar boko, da muke sallah masallaci ɗaya, kowa sai yace gaskiya ne amma shiru kake ji, shi ne nace bari in kawo ta wajenku ko Allah zai sa a dace.

Ka tuna gasar kofin Afirka da aka yi a ƙasarmu, wadda aka fara 9 ga Janairun 2022. Garwa ce ta karɓi rukunin su Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Rumde Ajiya, kuma wallahi tunda nake ban taɓa ganin garin nan ya cika haka ba, motoci daga Yola da Mubi da Kano har da mutanen Legas da suka sauko ta jirgi, ranar 11 ga wata da Najeriya ta ci Masar 1 da nema ko wurin aje babur babu a ƙofarmu. To ana gobe za a yi wasan Najeriya da Sudan na ranar Asabar 15 ga wata, ina gida na je hutawa da rana, waya ta yi ƙara a wurin aiki, wani yaronmu ya ɗaga. Yaro ne mai hankali, ɗan unguwarmu, ni na kawo shi aikin da hannuna saboda shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Mai kiran Ingilishi yake yi, yace yana son tebur na mutum "fifteen" bayan an tashi wasa, yaro ya ji "fifty", ya rubuta 50 a littafi. Bai sake tambaya ba don kunya yake ji kar a ce bai iya ba. Washegari tun asuba aka tura kasuwa aka sayo giwan ruwa da kaji na mutum 50, aka haɗa tebura tun daga bakin ƙofa har bango, mutum nawa muka mayar a daren nan muna ce musu babu wuri, ƙarshe baƙi suka iso su 15 cif. Ina tsaye ina kallon yaron nan yana ƙirga su da ido yana sake ƙirgawa, hannunsa na rawa da tiren kofuna. Mai gida ya cire asarar a albashinsa, wata bai ƙare ba ya sallame shi.

Malam Edita yaron nan fa ya yi lekol har ya ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kuma Ingilishi dole ne a makarantunmu tun daga firamare, ana jarrabawarsa a BEPC da Probatuwar da Bak na babbar sakandare. Ƙasarmu harshe biyu gare ta a hukumance tun haɗewar ɓangaren masu Faransanci da na masu Ingilishi a 1 ga Oktoban 1961, jihohi 2 cikin 10 na masu Ingilishi ne, su Bamenda da Buya, a 2017 aka kafa hukuma sukutum ta kula da wannan magana ta harshe biyu, a Disambar 2019 kuma aka yi doka a kai. Duk wannan yana nan a takarda. Amma je ka ajin ka gani, yaro a gida Hausa ko Fulatanci yake yi, ya zo lekol a koya masa Faransanci da ƙyar, sannan a ɗauko Ingilishi a koya masa shi ta cikin Faransancin da bai gama nuna ba, kogi biyu kenan zai haye kafin ma'ana ta iso kansa. Zai haddace maka jerin aikatau marasa bin ƙa'ida ya rera kamar karatun allo, amma kira shi a waya kace kana son tebur gobe da dare sai ka ji ɗif. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in da da Hausa aka zaunar da shi aka ce masa kai, 13 zuwa 19 a Ingilishi ƙarshensu ja ake yi, "tiin", murya na sauka a kan ƙarshen, su kuma 30 da 40 da 50 farkon ake dannawa ƙarshen gajere ne, kuma in ka yi shakka kar ka ji nauyin kowa kace "one five or five zero?", da yau yana nan yana aikinsa.

Ni ba a aji na koya ba, na yi shekara 3 a wani otel a Yola ina saurayi, a can kunnena ya buɗe. Kuma abinda na gane shi ne kalmomin wannan aiki ba su da yawa ko kaɗan, ba su kai 50 ba in ka tattara, wahalar tana wajen cewa da yawansu kalmomi ne da yaro ya riga ya sani da wata ma'ana dabam. Ɗauki "book". Tun ajin farko an ce masa littafi ne, shikenan ya riƙe, sai mutum ya kira yace "I'd like to book a table", yaro ya tsaya yana tunanin me ya haɗa littafi da tebur, alhali nufinsa a kama masa tebur a ajiye masa, abinda muke cewa rezarbe da Faransanci. In an yi sa'a mai kiran yace "make a reservation" to wannan yaranmu na ganewa don ta yi kama da tamu. Ga kuma "party". In Bature ko Ba'amurke yace "a party of six" ba fati yake nema ba, ba kiɗa ba rawa, nufinsa su 6 ne za su zo tare. Akwai yarinyar da ke aiki da mu da ta taɓa ce wa wani baƙo a'a mu ba ma yin fati a nan sai dai ya nemi zauren biki, mutumin ya kashe waya ya tafi wani wuri, kuma ba laifinta bane don babu wanda ya taɓa faɗa mata.

Duk wanda ya kira neman tebur abu 4 kake so daga bakinsa, su nawa ne, wace rana, ƙarfe nawa, da sunan wa za a rubuta. "For how many people?", "For which day?", "At what time?", "Under what name?", in yaro ya riƙe waɗannan ya riga ya ci rabin aikin don shi ke jan maganar, ba jira yake a zubo masa Ingilishi kamar ruwan Agusta ba. Sai dai kowanne cikinsu da ramin da ke gabansa. Rana, Talata da Alhamis a Ingilishi, "Tuesday" da "Thursday", a waya in layi ba kyau kusan abu ɗaya kunne ke ji, shi yasa nake ce wa yarana su haɗa da kwanan wata kullum. Kwanan watan ma in saƙo aka turo a WhatsApp a kula, mu da mutanen Faransa da Ingila rana muke fara rubutawa sannan wata, mutanen Amurka wata suke farawa, wanda ya rubuto 3/4 zai iya nufin 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, sai ka tambaya.

Lokaci kuwa nan ne babban rikici. Mu nan mun saba da agogon Faransa mai awa 24, ƙarfe 8 na dare sai mu ce 20h, masu Ingilishi kuwa a baki 12 suke ƙirgawa su ƙara "a.m." in kafin tsakar rana ne, "p.m." in bayanta ne. "Half past eight" takwas da rabi, "quarter to eight" takwas saura kwata, "quarter past" da kwata, waɗannan da Hausa sun fi saurin shiga don mu ma haka muke faɗa, har kwatan ma daga wajensu muka aro. Mutanen Ingila kuma suna da wata gajeriyar hanya, su ce "half eight", nufinsu takwas da rabi ne ba bakwai da rabi ba. Ni dokar da na kafa a wurinmu ita ce ko ka ji ko baka ji ba, kafin ka aje waya ka maimaita masa komai, "So that's fifteen people, one five, on Saturday the fifteenth, at eight thirty p.m.", ka jira yace eh. Daƙiƙa 10 ce kawai.

Sai suna. Wannan kam har manyan da suka yi jami'a a Ngawundare yana kayar da su, saboda haruffa iri ɗaya ne amma sunayensu sun sha bamban. Harafin da Bafaranshe ke kira "i" shi mai Ingilishi ke kira "ai", wanda mai Ingilishi ke kira "i" shi ne E namu, A kuma yace "ei". Mafi muni G da J, sun yi musaya ne kai tsaye, da Faransanci G "je" ne J "ji", da Ingilishi G "ji" ne J "je". To kaga mutum na jero maka haruffan sunansa kana rubuta wani suna dabam, ya iso da dare ya faɗi sunansa a duba littafi a ce babu, rai ya ɓaci alhali teburinsa na can an shimfiɗa masa. Na rubuta haruffan nan 26 da yadda ake kiransu da rubutun Hausa a jikin wani kwali na manna kusa da wayar, har ya yi baƙi da maiƙon hannu, kuma na koya musu su ce "Could you spell that, please?" da "Could you speak slowly, please?". Matambayi ba ya ɓata, kuma ban taɓa ganin baƙon da ya yi fushi don an roƙe shi ya rage sauri ba, wanda ke fushi shi ne wanda aka ce masa "yes, yes" aka yi masa akasin abinda ya nema.

In wuri ya cika ma da yadda ake faɗa, "I'm sorry, we're fully booked", sannan ka ba shi wani lokacin ko wata ranar, kar kace masa "no place" ka kashe waya kamar ka kori akuya daga rumfa.

Bayan an zauna kuma Faransancin namu shi ke sa mana ƙafa. Mu "komand" muke cewa, sai yaro ya je gaban baƙo yace "your command", a Ingilishi wannan umarnin soja ne, kalmar ita ce "order", wadda ma Hausawan Najeriya suka mayar oda tuntuni. "Menu" a wurinmu sau da yawa abincin ranar ne da aka haɗa aka yi masa farashi ɗaya, takardar jerin abinci kuma "kart", shi kuwa mai Ingilishi in yace "menu" takardar yake so a miƙo masa. "Antre" a wurinmu ɗan abin buɗe ciki ne kafin babban abinci, wanda 'yan Ingila ke ce wa "starter", amma a Amurka wannan kalmar ta antre babban abincin take nufi. Takardar kuɗi da muke ce wa adisiyon, ɗan Ingila da ɗan Najeriya "bill" za su ce, Ba'amurke yace "check". Ga wata da ta faru sau ba adadi lokacin gasar, ɗan Najeriya yace a kawo masa "mineral", yaro ya ruga ya kawo gorar ruwa tunda mu ruwan gora muke kira haka, alhali shi lemon kwalba yake nufi, abinda mu kuma muke ce wa "ju". In yace "swallow" tuwo yake nema ko sakwara ko wani abin da ake haɗiya da miya. Giwan ruwanmu na Binuwai da Lagdo da muke ce wa kapiten, sunansa a Ingilishi "Nile perch", in kace wa Bature "captain" sai ya yi ta kallonka.

Akwai guda biyu da nake so in ja hankali a kansu sosai don ba maganar asarar kuɗi bace kawai. Na farko "allergy". In baƙo tun a waya yace yana da wannan da "peanuts" ko "groundnuts", gyaɗa yake nufi, kuma ba wai ba ya sonta bane, jikinsa ne ba ya ɗauka, wasu maƙogwaronsu kumbura yake numfashi ya tsaya, ana mutuwa a kai. Mu kuwa ina gyaɗa bata shiga, man da muke suya da shi, yajin tsire, kilishi, miyar taushe, kunu. Yaron da bai san kalmar nan ba zai ce "yes, no problem" da zuciya ɗaya ya jawo abinda ba a so. Na biyu ya shafi namu mutanen da ke fita. Alhazanmu 'yan kasuwa suna zuwa Dubai da Guwanzu da Legas, ana kai marasa lafiya Indiya, yara na karatu a ƙasashen da sai da Ingilishi, kuma da yawa abinda suka sani kawai "pork" naman alade ne, basu san "ham" da "bacon" da "lard" duk daga jikinsa suke ba, na ƙarshen kitsensa ne da ake suya da shi, basu san ana dafa nama da giya a rubuta "wine sauce" ba. Wani ɗan uwana da ke sayo kayan waya ya faɗa min kwana 9 ya yi a tafiya yana cin biredi da shayi da ayaba don tsoro, alhali da ya iya cewa "Is the meat halal?" da "No pork and no alcohol, please" tun lokacin da yake kama teburin da ya ci ya ƙoshi hankali kwance.

Na san abinda wasu za su ce, don an faɗa min a fuskata a majalisarmu ta bakin kasuwa, wai kama tebur al'adar Nasara ce, mu baƙonka annabinka, wanda ya zo ya tarar ana ci sai a matsa masa ya sa hannu, wa ya taɓa buga waya kafin ya je cin tuwo gidan ɗan uwansa. Gaskiya ne kuma ina alfahari da wannan, a gidana ba a taɓa tambayar baƙo su nawa ne ba kuma ba za a fara ba. Amma gidan abinci kasuwa ne, kifin da aka sayo da safe in ba a ci ba zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba zai bar shi ya kwana ba balle in an ɗauke wuta. Kuma abin ba baƙo bane a wurinmu kamar yadda ake nunawa, duk wanda zai hau jirgin ƙasa na dare daga Ngawundare zuwa Yawunde yana son ɗakin kwanciya ai tun da wuri yake zuwa tashar jirgin ya kama wurinsa, haka motar safe ta zuwa Marwa, haka mai kitso kafin sallah. Tebur ma haka ne. Abinda ya rage mana shi ne mu riƙe cewa alkawari kaya ne, in ka kama tebur na ƙarfe 8 kar ka zo 10 saura kace ai bayan isha'i kace, in tafiyar ta fasa ka kira kace "I'd like to cancel my booking", in za ka makara kace "We're running late". Wurare da yawa a waje minti 15 ko makamancin haka suke jira su ba wani, wasu sai ka ajiye kuɗin kafin alƙalami da suke ce wa "deposit", in baka zo ba baka kira ba sun ci. A nan ma masu yi mana haka ba baƙi bane, namu ne, a kama tebur na mutum 12 don buɗa baki da azumi a bar mu da kunu da ƙosai har a kira asham ba kowa ba waya.

Kuma kar a ce ai gasa ta wuce baƙi sun tafi. Masu yawon buɗe ido da ke zuwa Waza da Rumsiki sun ragu sosai tun 2013 saboda matsalar tsaro, wannan haka ne, amma a 2013 ɗin aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo na 'yan gudun hijirar Najeriya, tun daga nan ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suke shige da fice a Marwa da Garwa da Kusiri, da yawansu Ingilishi ne ya haɗa su. Ga 'yan uwanmu na Bamenda da Buya da aka turo aiki nan, ga 'yan kasuwar Najeriya da ba sa yankewa. Wani abokina da ke irin aikina a Injamena yace su abin ya fi tsanani, tunda Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, yaron da ya iya ɗaga waya da Ingilishi a can otel otel ake nemansa.

To roƙona Malam Edita shi ne ku ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a mako, jimla 5 ko 6 kawai, a rubuta ta da Ingilishi, a rubuta yadda ake furta ta da haruffan Hausa, a yi bayaninta da Hausar da mai sayar da shayi zai gane, in da hali a haɗa da 'yar murya ta minti ɗaya da za a iya turawa a WhatsApp don wanda karatu ke ba shi wuya. Wannan makon tebur, na gaba ɗakin otel, na gaba asibiti, na gaba filin jirgi. Ku tuna da mu na wannan ɓangaren ku riƙa nuna inda Faransanci ke yaudararmu, kuma ba laifi wani makon a juya a koya wa 'yan uwanmu na Najeriya Faransancin da za su nemi abinci da shi in sun ƙetaro, don su ma na ga yadda suke fama. In kuna so ni zan turo muku hoton kwalin nan nawa da sauran jimlolin da na tara a littafi ku ba wani malami ya gyara, ban ce a biya ni ko dala ba.

Yaron nan da na ba ku labari yanzu haya yake da babur, jiya ma shi ya kawo ni wurin aiki ya ƙi karɓar kuɗina, da na ce masa zan rubuto muku yace in tambaya masa ko darasin zai zo da murya, don yana so ya riƙa saurara yana jiran fasinja.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku, mai karanta ku daga unguwar Rumde Ajiya, Garwa, Kamaru.